Bishiyoyin Mai Jarka Ba Su Mutu Ba

Daga: Matar marigayi mai lamba 217 a Shirin Shuka Bishiya,
Gida na huɗu bayan famfo, Layin Masu Walda.
7 ga Afrilu, 2025.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta,
Ofishin Jin Daɗin Jama'a da Kula da Muhalli.

Ranka ya daɗe,

Game da: Rubuta bishiyoyi talatin a matsayin matattu alhali suna raye, da soke katin asibitin iyalin marigayi

Bayan gaisuwa da girmamawa. Ranar Talata 5 ga Nuwamban bara ina tsugune ina wanke kwanuka, mai facin taya na bakin titi ya yi sallama a ƙofa. Yana riƙe da jarkar maigidana da takalminsa ƙafa ɗaya. Sai da na ajiye soso na tambaye shi, ya gaya mini. Mota ce ta ƙwace wa direba, ta sami maigidana a durƙushe yana ban ruwa. Allah ya jiƙansa. Ba wannan na kawo ƙara ba, wannan hukuncin Allah ne. Abin da ya biyo baya shi ne aikin mutane.

Shekara biyu ke nan ofishinku ya ba shi dashen darbejiya talatin a gefen babban titi. Sharaɗin shi ne ya raya su, ku kuma ku ba iyalinsa katin asibiti. Da katin nan 'yarmu mai ciwon asma take karɓar magani. Kowane wata ma'aikacinku yakan zo ya ɗauke shi hoto a tsaye kusa da bishiyoyin. Bai taɓa fashi ba. Sawu takwas yake yi daga famfo kullum, har unguwa ta manta sunansa, sai dai Mai Jarka. Ga ƙorafina:

1. Ranar 2 ga Disamba ma'aikacin ya zo ɗaukar hoto, ya tarar da ni a wurin da jarka. Na gaya masa mai lambar ya rasu. Ya yi mini ta'aziyya, ba zan zalunce shi ba. Ya gwada ɗaukata, ya ce wayar ba ta karɓar fuskar da ba ta sani ba, ya rubuta ba a samu mai kula ba. Haka aka yi a Janairu, haka a Fabrairu. Sau uku yana tsaye a inuwar bishiyoyin yana rubuta wannan.

2. Ranar 10 ga Maris takarda ta zo da sunan marigayi. An ce tunda wata uku babu hoto, bishiyoyin sun mutu saboda sakacinsa, an cire shi daga shirin. Har da gargaɗin ya gyara halinsa. Ranka ya daɗe, karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma sau uku na karanta wannan layi don in tabbata. Mutumin da ya rasu da jarka a hannu, shi aka kira mai sakaci. A littafinku shi yana raye, su sun mutu. A bakin titi kuwa su ne a raye.

3. Ranar 13 ga Maris na kai yarinyar asibiti numfashinta yana sarƙewa, aka ce katin ya daina aiki. Maƙwabciyata ce ta rufa mana asiri a ranar. Ba kullum za ta iya ba.

4. Ranar 18 ga Maris na kawo takardar shaidar rasuwa ofishinku. A ɗaki na biyu aka ce su kati ne nasu, bishiya ta sashen muhalli ce, in hau sama. A sama aka ce su bishiya suke ƙirgawa, ba ruwansu da rasuwa, in sauka ƙasa. Bene ɗaya ne tsakaninsu, amma littafinsu ba ya gaisawa. A saman ne na ji cewa ranar 28 ga Afrilu za a tone wurin a sa sabon dashe, tunda an rubuta babu komai a can.

Don haka ina roƙonka, don girman Allah, kafin wannan rana ka turo mutum mai ido ya ƙirga su. A dakatar da tonon. A goge kalmar sakaci daga sunan maigidana. A sa fuskata a madadin tasa, a mayar wa yarinyar nan katinta. Ba sadaka nake nema ba, aikin ai ina yin sa.

Wanda za ka turo ba zai sha wahalar nema ba. Kullum bayan sallar asuba ina can da jarkar. Akwai bishiya ta goma sha bakwai, wadda ta ƙi girma. Marigayi ya sa mata suna Taurin Kai, wai ni ta biyo, kuma da ita yake farawa don kada ta yi fushi. Ni ma da ita nake farawa. Makon jiya ta fitar da sabon ganye.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci. Ina neman afuwa idan harshena ya yi kaifi.

Mai biyayya gare ka,
Matar Mai Jarka, lamba 217.