Na Ce wa Ƙanwata Likita Ya Sallame Ta

Assalamu alaikum Anti, da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni ma'aikaciyar gwamnati ce, muna zaune a Gwarinpa da maigidana. Ƙanwata, da zan kira Ummi, a hannuna take tun rasuwar mahaifiyarmu. Yarinya ce mai surutun tsiya, amma tana gama bautar ƙasa ta zama wata daban. Ta daina fita, abinci sai an yi da gaske, wanka ma sai na ɗaga murya. Ni kuwa kowa ya san ba ni da haƙuri. Na ce lalaci ne, na ce rashin godiyar Allah ne, ga ci ga sha ga ɗakinta ita kaɗai, da me aka rage ta? Na kai ta wajen ruƙiyya, malamin da kansa ya ce shi bai ga aljani ba, mu gwada asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ta kan magani, ya ce ta riƙa zuwa duk wata. Wallahi cikin 'yan watanni Ummi ta dawo. Ranar da na jiyo ta a kicin tana soya doya tana tsokanar yarana, sai da na jingina da bango na yi hawaye.

Sai Allah ya kawo mata miji, yaron kirki, su biyu suna son juna. Gwaggonsa ta zo gaishe mu, ana cikin hira ta ce, "Kin san mu ba ma wasa da bincike. Da fatan dai babu wata lalura a dangi, irin farfaɗiya ko taɓin hankali?" Na yi dariya na ce, "Haba Hajiya, mu ko ciwon kai bai cika damunmu ba." Alhali katin Ummi na sashen ƙwaƙwalwa yana cikin jakar da ke kan cinyata. Tun daga ranar hankalina ya ƙi kwanciya. Abuja ce fa, wa ba ya da ɗan'uwa a asibiti? Idan wani ya gan ta a layin can fa? Wa zai tsaya ya bambance damuwa da hauka?

To ga abin da na aikata. Lambata ce a fayil ɗinta, ni suke kira idan ranar ganin likita ta matso. Da suka kira na ce mun bar gari. Na dawo gida na ce wa Ummi likita ya bugo, ya ce ta warke, ta ajiye magani. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya da gaske? Na warke?" A gabana ta yi sujadar godiya. Washegari na kwashe sauran ƙwayoyin na watsa a bola a hanyar ofis. Na ce wa zuciyata ai ta samu sauƙi, kuma aure ma magani ne.

Ba a rufa wata biyu ba ciwon ya dawo, ya ma fi na farko. An kawo lefe, ko akwati ɗaya ba ta buɗe ba. Saurayin zai kira har wayar ta tsinke tana kallonta. Ta rame, ta koma yini a ɗaki labule a sake. Da abin ya ishe ni na ba wa Madam Rifkatu, abokiyar aikina 'yar Filato, labarin, amma na ce wata maƙwabciyata ce ta yi. Ta ajiye biro ta ce, "Kai, wannan mata bai yi daidai ba fa. Depression ciwo ne, Hajiya, kamar hawan jini. Ba a tsayar da magani sai likita ya ce. Ƙanena ya sha shekara biyu, yanzu yana da mata da yara. Ki gaya masa ya kai yarinyan nan asibiti quick quick." Na shiga banɗaki na yi kuka kamar raina zai fita. Sai a ranar na yarda har zuciyata cewa ciwo ne, bayan na riga na yi ɓarna.

Jiya da safe na shiga ɗakinta na ce ta shirya mu koma asibiti. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Mu je mu ce masa me, Yaya? Ai ya ce na warke. Idan wannan ce warkewar, to ba ciwo ba ne, ni ce. Gaskiyarki tun farko, lalaci ne kawai." Na ce ta daina faɗin haka. Ta ce, "Da ma in kwanta kar in tashi, kowa ya huta." Sannan ta kama gefen mayafina ta ce, "Kar ki gaji da ni, ke kaɗai na yarda da ke."

Garin neman gira ina shirin rasa ido. Wallahi auren ya fita daga raina, a fasa idan za a fasa, ƙanwata nake so da rai. Amma ba za ta taka asibiti ba muddin ta yarda likita ya sallame ta, kuma ba za ta daina yarda ba sai na buɗe baki na ce ni na yi ƙarya. Idan na faɗa, a halin da take ciki, za ta iya jure jin cewa wadda ta dogara da ita ce ta jefa ta a ciki? Idan na yi shiru wani abu ya same ta, me zan ce wa mahaifiyarmu ranar gobe? Maigidana bai sani ba, kowa bai sani ba. Yau ban je aiki ba, ina zaune a ƙofar ɗakinta ina rubuta muku wannan, katin yana hannuna.

Jama'a, don Allah, me zan yi?