Kaktus Mai Lamba 214

Santiago, 3 ga Satumba

Zuwa ga Baldomero,

Gaisuwa mai yawa gare ka da mahaifiyarka. Kaktus ɗin da ka aiko, tsiron nan mai ƙaya, ya bushe lafiya, na manna shi a takarda, ya shiga ma'ajiyar tsirranmu da lamba 214. Jan fure a Kwarin Tórtolas! Shekara ashirin ina bin gaɓar tekun nan, rawaya kawai nake gani. Zan zo a Oktoba da ɗalibai biyu ka kai mu wurin. In sabon iri ne, sunanka zan sa masa.

Ka huta lafiya,
Ximena Urrejola

Paposo, 15 ga Satumba

Doña Ximena,

Bayan gaisuwa da girmamawa. Oktoba ba za ta yi ba. Hazon teku ya yi kauri, alfadarinmu kuma yana ɗingishi. Sunana ma bai dace da tsiro ba.

Naki,
Baldomero Araya

Paposo, 19 ga Satumba

Doña Ximena,

Ina sake gaisuwa. Alfadari lafiyarsa ƙalau. Ƙarya na yi miki, kuma ba ita ce ta farko ba.

Kafin na aiko miki da tsiron, kwana uku na yi a kwarin, ba dutsen da ban leƙa bayansa ba. Kaktus ɗin wurin duk masu furen rawaya ne, duk sun karkata arewa yadda kika san su. Kin taɓa cewa a gaban ɗalibanki idona ya fi na'urarki, sai na kasa dawowa hannu rabbana.

A hanya na tsaya a ɗan ɗakin tunawa da muka gina wa babana a gefen titi, inda motar kifi ta kife da shi. Mama ce ta dasa kaktus mai jan furen a can. Na yanki kai ɗaya, na shafa wa wurin ƙasa, na rubuta Tórtolas.

Ranar Litinin muka je kunna kyandir. Mama ta tsuguna tana nunawa da yatsa. Ta ce, "Da bakwai ne, Baldo. Yanzu shida." Na ce ƙila akuya ce. Ta ce, "Akuyar garin nan har wuƙa ta saya? Kai dogo, ko yankan ma irin na ubanka ka yi, a karkace." Muka koma gida ta ba ni shayi da burodi kamar kullum. Da marina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Don Allah ki goge sunan kwarin, kada ki wahalar da 'ya'yan mutane. In kin daina ba ni aiki, na gane.

Naki cikin kunya,
Baldomero

Santiago, 30 ga Satumba

Baldomero,

Gaisuwa. Na riga na nuna shi a taron malamai, yanzu sai na koma gabansu na janye. Na yi fushi, amma gaggawar tawa ce. Na gyara takardar: "Gefen titi, wurin tunawa da marigayi Araya, matarsa ce ta dasa." Tambaye ta inda ta samo shi.

Sai na ji daga gare ka,
Ximena

Paposo, 9 ga Oktoba

Doña Ximena,

Ina gaisuwa. Na tambaye ta. Babana ne ya kawo mata a gwangwani lokacin yana nemanta, bai taɓa faɗin inda ya ciro shi ba. Ta ce ki zo ki ga shidan da suka rage, ita za ta raka ki. Ni kuwa, wai in jira a mota.

Naki,
Baldomero