Alamar da Na Manta a Kan Harafi

Jerez, 9 ga Maris

Zuwa ga ɗana Leobardo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da Maribel da yara, kuma sanyin Chicago ya sassauta. Ni lafiya lau, sai dai gwiwar nan da ka sani.

Ka yi haƙuri da rubutuna, wata bakwai kacal na yi a ajin yaƙi da jahilci. Maganar ce ba za ta faɗu a waya ba.

Ranar Talata Malama Ofelia ta sa mu tafa hannu muna raba kalmomi gaɓa-gaɓa. Ta rubuta per-do-no sau biyu a allo, ta ɗora wa ta biyun 'yar alama a kan harafin ƙarshe. Ta ce in murya ta danna gaɓar tsakiya, perdono, ni ce na yafe. In ta danna ta ƙarshe, perdonó, wani ne ya yafe. Ƙawata Chole ta zungure ni, wai tsufa ya hana ni tafi. Ba tsufa ba ne, wani kati ne na tuna.

Katin da na aika maka bayan jana'izar babanka kalma biyu ce: te perdono, wato na yafe maka. Ban sa alamar ba. Ka bugo kana kuka kana mini godiya, ka ce gara ni na yafe, tunda shi ya tafi yana fushi da kai. Na ɗauka saƙon ne ba ka gaskata ba. Raina a ɓace yake, na bar zancen a haka.

Ɗana, saƙon babanka ne. Kwana biyu kafin ya rasu ina ba shi romo, ya riƙe hannuna ya ce in gaya maka ya yafe maganganun da ka faɗa masa ranar da ka bar gona, shi ma bakinsa ya yi zafi. Ya ce sirdinsa naka ne.

Ni kuwa a lokacin ban yafe ba. Shekara tara ba ka neme shi ba, ina kallonsa yana zabura duk sanda waya ta yi ƙara. Ka gode mini a kan abin da ban ba ka ba.

Jiya na je kabarinsa na daɗe a zaune, na dawo zuciyata sakayau. Kada ka gyara katin. Duk yadda ka karanta shi yanzu, gaskiya ne.

Ka gaida Maribel, ka shafa mini kan yara. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Herminia