Kalmar da Inna Take Faɗa wa Ƙofa

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki?

Jikin Inna sai godiya, amma tun da ɓarin jikinta ya shanye, Hausa ta gudu daga bakinta. Kalma ɗaya take faɗa duk lokacin da aka buɗe ƙofa, sai ta zuba ido tana jiran amsa. Likita ya ce yaren yarintarta ne ya rage mata. Ni kuwa sai in gyara mata matashi in sunkuyar da kai.

A makarantar kwamfuta an ba mu aiki: mu rubuta manhajar da za a shigar mata da kalmar gaisuwa, ta faɗi harshen. Harsuna shida ne, in kalmar ba ta cikinsu sai ta rubuta "ba a sani ba". Tawa ta gane Faransanci, ta gane Jamusanci, malam ya yaba. Sai na shigar da kalmar Inna. Ka san amsar da ta ba ni. Malam ya ga raina ya ɓaci, ya ce ba laifinta ba ne, abin da aka saka mata kawai ta sani.

Yaya, ka tuna yadda muke kwaikwayon Inna muna dariya in ta yi yarensu, har ta daina? Kai ne gaba, ni 'yar amshi. Abin yana cina.

Ƙanwarka,
Auta

Yayana,

Ina gaisuwa. Ya yara? Na ga saƙonka cewa sai ƙarshen shekara za ka samu zuwa.

Akwai wata dattijuwa, tsohuwar nas, da take zama kusa da ni a aji, tana buga haruffa da yatsa ɗaya. Jiya ta hango kalmar a allona, ta karanta, ta amsa. Yarensu ɗaya da Inna. Ta ce gaisuwa ce da ake yi wa wanda ya daɗe bai zo gida ba. Ta koya mini amsar, na yi ta maimaitawa a hanya kamar 'yar firamare.

Da na buɗe ƙofa Inna ta faɗa, na amsa. Yaya, sai ta yi murmushi da rabin bakinta, ta kama hannuna, ta yi ta magana. Ban gane ko ɗaya ba, kuka kawai nake. Da ta gama, sai ta mayar da idonta kan ƙofa ta sake faɗa.

Ba ni take jira ba.

Likita ya ce kada mu dogara da ƙarshen shekara. Na rubuta maka amsar a bayan takardar nan, da manyan baƙaƙe. Ka haddace ta a mota.

Ƙanwarka mai jiranka,
Auta