Madubin Shagon Yaya

Gwaggona,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ya aikin jinya? Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san bakina ba ya iya faɗa.

Ciwon Yaya ya sake tashi. Yatsunsa sun kumbura, ko injin aski ba ya iya riƙewa, har ya rufe shago. Ni nake gasa masa hannu da ruwan ɗumi. Da can tsokanata yake yi, yana ce mini Rediyo mara batir. Yanzu shi ne ya yi shiru. Shekaranjiya ya ba ni madubin shagonsa, ya ce ba zai ƙara buƙatarsa ba. Jiya ina matse tsumma ya ce, "Rediyo, da ba na duniya da kowa ya huta."

Na faɗa wa Mama. Ta ce zafin ciwo ne, kada in kuskura in maimaita, za a ce ɗanta ba shi da tawakkali. Amma na lura sai kumburin ya tashi yake irin maganar nan. In ya sauka har waƙa yake yi. Gwaggo, tsoro nake ji.

Ki gaida kowa.
Autarku

'Yata Auta,

Wa alaikis salam. Allah ya yi miki albarka da kika rubuto. Na kira babanki na ce kada a bar yayanki shi kaɗai, kuma gobe a kai shi asibiti, ban da jiran ranar da aka ba shi.

Idonki bai yi ƙarya ba. Jiki yana da garkuwarsa mai yaƙar cuta. A ciwon yayanki garkuwar ce ta rikice take dukan gaɓoɓinsa, shi ne kumburin. Likitoci suna ganin a wasu mutane wutar kumburin nan tana taɓa ƙwaƙwalwa, zuciya ta yi duhu har mutum ya gaji da rayuwa. Ba ita kaɗai ba ce, baƙin cikin rufe shago ma yana ciki. Amma wannan ba rashin imani ba ne, ciwo ne, kuma ana maganinsa.

Uwarki matar ƙanena ce, na san halinta. Ko ƙafarta aka yanke za ta ce wa likita da sauƙi. Don haka ki bi su, ki buɗe bakin nan naki.

Gwaggonki mai ƙaunarki

Gwaggona,

Gaisuwa mai yawa. Mun je. Likita ta danna yatsunsa ta ce ya jiki. Kafin ya amsa Mama ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Yaya ma ya ce da sauƙi. Har an fara rubuta magani. Ni ina bayan ƙofa. Sai na ji bakina ya ce, "Ba sauƙi."

Kowa ya juyo. Mama ta zare mini ido. Na kalli takalmina na faɗi maganar madubi da ɗaya maganar. Likita ta ajiye biro, ta tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Ya ce e. Mama ta fashe da kuka ta rungume kansa, tana cewa, "Ɗana, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

An canza masa maganin kumburi, an haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa a ranar. A hanya bai kalle ni ba. Ina jin ya yi fushi da ni. Ko ya yi, ba komai, in dai yana nan.

Autarku

Gwaggo,

Barka da aiki. Ki yi haƙuri da karkataccen rubutu, yatsun ba su gama saki ba. Wata rana da dama, wata rana da nauyi, amma yanzu in da nauyi ina faɗa.

Ban yi fushi da Rediyo ba, kunya na ji. Na ce ta maido mini madubina, ta ce ta riga ta rataye shi a shago, in ina so in je in same shi a can. Gwaggo, wa ya sa wa yarinyar nan batir?

Ɗanki wanzami