Wata Biyu Ina Yi Wa Wayata Ƙarya

Anti, don Allah ki taimake ni kafin ranar Alhamis.

Ni tela ce, 'ya'yana uku. Tun bara nake ganin likitan ƙwaƙwalwa saboda ciwon damuwa, ya ɗora ni a kan magani, na kuma ɗan samu sauƙi. Wata biyu da suka wuce ma'aikaciyar jinya ta sa mini wata manhaja a waya. Kullum da safe sai ta yi ƙara ta tambaye ni yaya na tashi, ga fuskoki biyar a jere, daga mai kuka zuwa mai washe baki, in danna ɗaya. Amsar kai tsaye take zuwa kwamfutar likita.

To ni dai Anti, tun da aka haife ni ba a taɓa tambayata kwana na ce wani abu ban da lafiya lau ba. Ko a kan gwiwa haka na ce wa ungozoma. Sai yatsana ya riƙa zuwa kan mai murmushin shi kaɗai. Akwai ranar da na zauna gaban keke tun hantsi har azahar, yadin mutane a cinyata, ko zare na kasa sa wa allura, sai hawaye, amma ranar ma murmushi na danna. Kuma ina jin nauyin likitan. Bawan Allah yana ta ƙoƙari a kaina, in tura masa fuska mai kuka da sassafe, ko karyawa bai yi ba?

Zuwana na ƙarshe ya juyo mini da kwamfutar yana ta murna, layin amsoshina ya miƙe sambal a can sama. Ya ce ranar Alhamis zai fara rage mini magani, daga nan kuma sai bayan wata uku in dawo. Na yi godiya na fito.

Maigidana ya ce na'ura ba ta ƙarya, na warke ne ban sani ba. Yayata ta ce in goge abin kawai, mutum ma bai san cikinka ba balle waya. Ni tsorona a rage maganin in koma gidan jiya, ga kunyar in ce wa babban mutum wata biyu ina shara masa ƙarya.

Tela mai jin nauyi

*

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Ladabi ne kika kai shi inda ba a buƙatarsa. Waccan tambayar awo ce, kamar yadda kike ɗora tef a ƙugun wadda ta kawo miki ɗinki. In ta tsuke ciki don kunya, rigar ba za ta shige ta ba.

Maigida ya yi rabin gaskiya: manhajar ba ta ƙara komai daga kanta ba, abin da kika ba ta shi ta kai. Yaya ma tana da nata rabin, domin ya kamata likita ya tambaye ki da bakinsa kafin ya yarda da layin kwamfuta. Amma gogewa ba za ta gyara abin da ya riga ya gani ba.

Ki ɗauki takarda yau ki rubuta ranakun da kika tuna sun yi miki nauyi: barci, cin abinci, aikin da ya gagara. Ranar Alhamis ki miƙa masa ita kafin ku gama gaisawa, tun kunya ba ta kama bakinki ba. Likitoci sun saba jin irin wannan, kuma ya fi son ya ji yanzu. Kada ki ƙara ko ki rage ƙwaya ɗaya da kanki. In fuskokin nan ba su yi miki ba, ki faɗa masa a sauya miki hanya, haƙƙinki ne. In kuma tunanin cutar da kanki ya taɓa zo miki, kada ki jira Alhamis, ki je asibiti a ranar.

Maigida kuma ki tafi da shi, ya ji daga bakinki a gaban likita. Allah Ya ba ki lafiya mai ɗorewa.