Na Miƙe Tsaye a Taron Makaranta

Zuwa ga Yayana Cleophus,

Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya, kai da Rosetta da yara. Kullum ina roƙon Ubangiji ya sassauta maka ciwon gwiwar nan, don na san sanyin Alaska ba ya raga wa ƙashin da ya soma tsufa, ko da mai ƙashin ya ƙi yarda. Mu nan kalau muke. Maigidana Thaddeus yana fama da aiki, Lamont kuwa har ya fi ubansa tsawo, abinci ba ya kwana a firij saboda shi. Baɗi zai shiga sakandare, kuma maganar sakandaren ce ta zaunar da ni rubutu, domin a waya bakina ba zai iya ba.

Makarantar unguwarmu ta kan tudu ta cika maƙil, sai hukumar ilimi ta fito da sabuwar taswira, ta ja layi ta bayan gidanmu. Yaran titinmu za su koma makarantar da ke ƙetaren titin jirgi ke nan. Ta ƙetaren nan ita ce makarantarmu fa, Yaya, wadda ni da kai da Yaya Odessa muka yi, wadda 'yarta Shavonne take ciki yanzu. Unguwa ta ɗauki zafi, wai darajar gidaje za ta zube, wai yara za su lalace. Aka buga riguna ruwan ɗorawa ana bi gida-gida ana rabawa, ni ma na miƙa hannu na karɓa. Na ce wa kaina nisan hanya nake guje wa Lamont, alhali ba ta kai wadda muke takawa da ƙafa muna yara ba.

Ranar taron jin ra'ayin jama'a zauren ya cika, masu ruwan ɗorawa a gefe guda, mutanen ƙetare a ɗaya gefen. Ka san hukuma ta hana tafi a irin wannan zama, don haka shugabannin unguwa suka tsara cewa duk namu da ya gama magana, mu miƙe tsaye gaba ɗaya ba tare da cewa uffan ba. Haka muka yi ta tashi muna zama kamar a coci. Sai ga Mista Pruitt, maƙwabcinmu na kan kwana, wanda karensa ya fi shi fara'a. Ya kama abin magana ya ce wai shi bai yi gumi ya sayi gida a kan tudu don 'yarsa ta zauna benci ɗaya da yaran da uwayensu ba su san inda suka kwana ba, wai abin da ke ƙetaren jirgi a bar shi can ƙetaren jirgi. Gefenmu ya miƙe. Yaya, ni ma na miƙe.

Ina tsaye na ga wadda ke bayansa a layin masu magana. Yaya Odessa ce, da kayan aikinta na asibiti a jiki, ko gida ba ta biya ta canza ba. Kowa ya koma ya zauna, ni kuwa na rage ni kaɗai a tsaye cikin rigar nan. Ta ce ita ta zo ne ta gaya wa mutanen tudu su kawo yaransu, akwai wuri, akwai malamai na ƙwarai, har ma 'yarta tana ta murna ɗan'uwanta zai zo su riƙa dawowa gida tare. Daga nan ta juyo ta dube ni, muryarta na fita ta lasifika, ta ce, "Zauna mana, Verlene, ai mun gan ki." Sai ta ajiye abin maganar ta fita. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Wai mun yi nasara. Hukuma ta janye layin, titinmu yana nan a makarantar tudu, maƙwabta har da gasa nama a bakin titi. Ni ban iya leƙawa ba. Thaddeus ya ce in kwantar da hankalina, wai Odessa tukunyar ƙarfe ce, saurin zafi saurin hucewa. Bai san ta ba. Na kira ta har na gaji ba ta ɗauka, a coci kuma ta bar bencinmu ta koma can gaba. Na gasa mata kek ɗin dankalin nan da take so, na ajiye mata a ƙofa. Washegari na tarar da farantina a barandarmu, an wanke shi tas, babu komai a ciki. Kai ma ka san marigayiya Mama ba ta taɓa yarda a mayar wa mutum kwano fayau ba, sai in an gama da shi.

Yaya, kai ne babba, kuma maganarka kaɗai take ji. Ka kira ta. Ka tuna mata hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ka ce ta ba ni dama in zo in durƙusa, ko a bakin ƙofa ne. Sai dai abu ɗaya nake roƙonka, don na san halinka na gyara zance. Kada ka ce mata hankalina na wani wuri, ko ban ji abin da mutumin ya faɗa ba. Na ji shi sarai, tun daga farko har ƙarshe, sannan na miƙe.

Ka gaishe mini da Rosetta, da Marcellus da ƙaramarsu Yvette. Thaddeus da Lamont suna gaishe ku. Allah ya tsare mana ku.

Ƙanwarka, cikin jin kunya,
Verlene